Gabana yana faɗuwa ko ba komai: shin jinya ta hanyar jiki za ta dace da ni?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, asalinmu wani ƙauye ne a yankin Kolofata a ƙasar Kamaru. Mun baro shi a 2015 bayan harin da aka kai mana cikin dare, yanzu muna Marwa ina sana'ar ɗinki. Shekaru sun ja amma jikina bai koma daidai ba. Da na ji ƙarar babur da dare sai gabana ya yanke ya faɗi, ƙirjina ya ɗaure, in kwana ido biyu. Wuyana da bayana kullum a sage suke. Na je asibiti an ce ba a ga komai ba. An yi mini ruƙiyya na ɗan samu sauƙi, abin ya dawo. Yanzu wata ma'aikaciyar lafiya ta gayyace ni wani zaman mata da ake koyar da numfashi da motsa jiki, ta ce ba sai na ba da labarin abin da ya faru ba. Wannan ne ya ja hankalina, don ba na son tuna daren nan. Maigidana kuwa gani yake wasa ne. Shin irin wannan jinya ta gaskiya ce, kuma za ta dace da ni?

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ki lafiya, Ya jiƙan waɗanda aka rasa.

Ki je zaman. Bisa abin da kika faɗa, ina ganin kina cikin waɗanda irin wannan aiki yake yi wa amfani. Sai dai akwai abubuwan da nake so ki tabbatar kafin ki fara, kuma akwai magana ɗaya a cikin tambayarki da za mu daɗe a kanta, wato cewar da kika yi ba kya son tuna daren.

Abin da ke faruwa a jikinki ba baƙo ba ne ga mu masu aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a wannan yanki. Daga Mora zuwa Fotokol, daga sansanin Minawao da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo zuwa Baga Sola a Cadi, da wuya mutum ya zo ya ce ransa ne ke ciwo. Cewa yake ƙirjinsa na zafi, ko kansa ya yi nauyi, ko wani abu ya tokare masa maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2019 cewa kusan mutum 1 cikin 5 a yankunan da yaƙi ya shafa yana fama da wata lalura ta damuwa ko ta ƙwaƙwalwa. Ki ƙirga matan layinku da suka baro ƙauyukansu, za ki ga ba ke kaɗai ba ce.

Allah Ya halicci jiki da wasu jijiyoyi masu aiki ba da umarninmu ba. Wani ɓangarensu na tashin hankali ne: da an hango haɗari sai wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, tsokar wuya da kafaɗa da baya ta ɗaure, ciki ya dakatar da narka abinci. Ɗaya ɓangaren na kwantarwa ne, babbar hanyarsa wata doguwar jijiya ce da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da huhu da hanji. A daren harin, ɓangaren farko ne ya ba ki ƙarfin ɗaukar yara da gudu. Bayan haka ya kamata ya lafa, a wurin wasu kuwa ba ya lafawa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Hankalinki ya san ɗan babur ne ya kawo fasinja, amma kafin wannan sanin ya iso, zuciya ta riga ta buga. Tsokar da ta shekara goma a ɗaure kuwa dole ta yi ciwo, balle an haɗa mata da sunkuyo a kan keken ɗinki.

Jinya ta hanyar jiki a nan take kama aikinta. Maimakon a fara da tambayar me ya faru, sai a fara da tambayar me kike ji yanzu, kuma a ina. Ba hanya ɗaya ba ce. Wadda ta fi suna ita ce ta Peter Levine, wani masani ɗan Amurka da ya fara tsara ta tun shekarun 1970, bayan ya lura da yadda namun daji ke karkarwa in sun kuɓuta daga mafarauci sannan su koma kiwo. Akwai ta Pat Ogden, wata masaniya 'yar Amurka, akwai masu amfani da miƙe gaɓoɓi a hankali, akwai kuma tsohuwar dabarar ɗaure tsoka da sakinta ɗaya bayan ɗaya, wadda likita Edmund Jacobson ya fito da ita tun shekarun 1920. A zama na ƙwarai kina zaune ne da suturarki, idonki a buɗe in kin ga dama. Za a ce ki ji tafin ƙafarki a ƙasa, ki ji bayanki a jikin bango, ki nemo wuri ɗaya a jikinki da ba ya ciwo, ko da tafin hannu ne. Sannan a ce ki ɗan kai hankali ga ɗaurewar ƙirjin na ɗan lokaci kaɗan, ki dawo wurin da ke da sauƙi, ki sake komawa. Kaɗan-kaɗan ake yi da gangan, don jiki ya koyi cewa faɗuwar gaba tana zuwa ta wuce ba tare da an mutu ba. Numfashin da za a koya miki ma yana da dalili: duk lokacin da mutum ya fitar da iska, bugun zuciyarsa yana ɗan raguwa, shi ya sa ake tsawaita fitarwa fiye da shaƙa.

To, ta gaskiya ce? Nan zan faɗa miki yadda hujja take, ba ƙari. An gwada hanyar Levine a Isra'ila a wani bincike da aka buga a 2017, da mutum 63, zama 15, kuma waɗanda aka yi wa sun fi waɗanda ke jiran layi samun sauƙi. A Amurka, a 2014, an raba mata 64 da ciwon firgici ya daɗe a jikinsu gida biyu: rabi suka yi mako 10 suna motsa jiki irin na yoga mai sauƙi, rabi suna karɓar darasin kiwon lafiya. A ƙarshe kashi 52 cikin 100 na masu motsa jikin sun fita daga ma'aunin ciwon, a ɗaya ɓangaren kashi 21. Sakamako ne mai daɗin ji, amma mutanen kaɗan ne, kuma kwatanta jinya da zaman jira ba ya nuna ta fi wata jinyar. Shi ya sa a jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 kan ciwon firgici bayan bala'i, hanyoyin da ta sa a gaba su ne jinyar zantawa mai fuskantar abin da ya faru, da wata da ake kira EMDR wadda ake tuna abin ana bin motsin hannun mai jinya da ido. Dabarun sassauta jiki suna ciki, amma a bayan waɗancan. Wasu bayanan da masu wannan fanni ke yi, kamar cewa baƙin ciki yana taruwa a ƙugu sai an girgiza shi ya fita, ba su da wata hujja, ko da kin gan su a bidiyon waya an shirya su da kyau. Jinya tana iya yin amfani alhali bayanin da mai ita ke bayarwa bai inganta ba.

Abin da ya sa na ce ta dace da ke shi ne, damuwarki ta jiki take bayyana, kuma bakinki bai shirya magana ba. Akwai kuma wani dalili na wurinmu. Ƙwararrun da ake turowa yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da yawansu Faransanci suke ji, matan da ke zuwa kuwa wata Hausa, wata Kanuri, wata Mandara, wata Fulatanci, wata Larabcin Shuwa. Sai an sa tafinta, tafintan kuma wani lokaci ɗan unguwa ne. Wace mace ce za ta faɗi abin da aka yi mata a gaban wanda gobe za su haɗu a gidan suna? Aikin da ba ya bukatar dogon bayani yana kauce wa wannan, kuma abin da kika koya kina iya yinsa a ɗakinki ƙarfe biyun dare ba da kowa ba.

Kafin ki fara, ina so ki koma kan maganar "ba a ga komai ba". Me aka duba? Sau da yawa gwajin zazzaɓin cizon sauro da taifot ne kawai aka yi. Mace mai bugun zuciya da kasala tana bukatar a auna yawan jininta, don ƙarancin jini ya yi yawa a matanmu kuma shi kaɗai yana sa zuciya gudu. A auna hawan jini da suga, a taɓa wuya a duba maƙoƙo, don ƙwayar wuya in ta yi aiki fiye da kima tana kawo bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci da rama. In kin haihu cikin 'yan watannin nan kuma ƙafafunki na kumbura, ko numfashi yana gagararki in kin kwanta, wannan maganar zuciya ce kai tsaye, ciwon da aka daɗe da sanin yawansa a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, kuma ba zaman numfashi ke maganinsa ba. Sannan ki duba shayi. Mai shan shayi mai kauri har zagaye uku bayan isha'i, ga goro a baki, bai kamata ya yi mamakin idonsa ya bushe ba. Na kan fara da wannan tambayar, mutane su yi dariya, amma tana warware rabin matsalar wasu.

Akwai waɗanda ba zan tura su irin wannan zama ba tukuna. Wadda ke jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko take kwanaki ba barci ba gajiya tana ta surutu, ko mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba, ko wadda tunanin kashe kanta ke zo mata, likita take bukata yau, ba mako mai zuwa ba. Wadda ake duka a gida yanzu haka, jikinta gaskiya yake gaya mata, tsaro take bukata kafin natsuwa. Mai shan tiramol kullum ma a fara da wannan, kuma kada ya yanke shi lokaci guda ba tare da ma'aikacin lafiya ba.

Ko a cikin waɗanda suka dace, wasu in aka ce su saurari jikinsu abin ƙaruwa yake. Mai yawan tsoron bugun zuciyarta, da ta kai hankali wurin sai bugun ya ninka. Wata kuma sai ta ji kamar ta bar jikinta, ɗakin ya yi mata nisa, muryoyi su dusashe. Wannan ya fi faruwa ga waɗanda aka ci zarafinsu ta jiki. In haka ta same ki, ki buɗe ido, ki dubi abubuwan da ke ɗakin ki ambaci sunansu da launinsu, ki taka ƙasa da ƙarfi, sannan ki gaya wa mai koyarwa. Wadda ta san aikinta za ta mayar da hankalinki waje, ta rage saurin tafiyar. In ta ce ki daure, ciwon ne ke fita, to ba ta ƙware ba. Haka nan ki guji duk atisayen da ake sa mutum ya yi ta numfashi da sauri da ƙarfi. Wannan yana rage iskar kabon da ke cikin jini, ya kawo jiri da jin tsikari a yatsu da ƙagewar hannu, sai a ce wa mutum alamar waraka ce, alhali sinadarin jini ne ya sauya. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, su nisance shi gaba ɗaya.

Yanzu maganar daren. Ciwon firgici bayan bala'i yana tsayawa ne da ƙafa uku: abin ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, jiki kuma ya zauna cikin shirin haɗari. Jinyar jiki ta fi ƙarfi a kan na ukun. Gudun tunawa kuwa, ko da yake yana ba da sauƙi na yau, shi ne ke ciyar da ciwon, domin ƙwaƙwalwa ba ta samun damar ajiye abin a matsayin wanda ya riga ya wuce. Tsorona shi ne ki mayar da zaman numfashin wata sabuwar mafaka, ki shekara kina zuwa, barci ya ɗan gyaru, amma mafarkin yana nan, kuma har yanzu ba kya iya jin an ambaci sunan ƙauyenku.

Ba cewa nake ki je ki zazzage komai a zaman farko ba. Tilasta wa mutum ba da labari, musamman a gaban taro, ɓarna yake yi. Amma akwai hanyar yinsa cikin tsari, kuma an gwada ta a kan mutane irinmu. Masana daga jami'ar Konstanz ta Jamus sun yi aiki da 'yan gudun hijirar Sudan a sansanin Imvepi da ke Yuganda, aka buga sakamakon a 2004. Mutum yana ba da tarihin rayuwarsa ne daga haihuwa zuwa yau, a bi da bi, mai daɗi da marar daɗi, mai jinya yana rubutawa yana karanta masa. A wannan hanya akan shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwa, a ɗora furanni a wuraren farin ciki, duwatsu a wuraren wahala. Zama huɗu kacal aka yi. Bayan shekara guda, kashi 29 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka bi wannan hanya ke da sauran ciwon, a rukunan da aka bi wasu hanyoyin da su kuwa kusan kashi 80. Su ma ba su da yawa, mutum 43 ne, amma an maimaita irin gwajin a wasu ƙasashe daga baya. Abin da nake gani a aiki shi ne, macen da ta fara koyon kwantar da ƙirjinta ta fi iya zama ta fuskanci dutsen idan lokacinsa ya yi. Don haka ki ɗauki zaman nan a matsayin shiri. Mai yiwuwa shi kaɗai ya ishe ki, akwai waɗanda ya isa. In bai isa ba, ki san akwai mataki na gaba, kuma rashin isarsa ba gazawarki ba ce.

Game da mai koyarwa, ki yi mata tambayoyi ba kunya: ina ta yi horo, wa ke duba aikinta, ina take tura wanda abinsa ya fi ƙarfinta, kuma me zai hana abin da aka faɗa a zaman ya fita unguwa. Ba lallai sai babbar likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta tsara wani shiri a 2016 mai zama 5, wanda ma'aikatan da ba ƙwararru ba ke gudanarwa bayan horo, da numfashi a hankali a cikinsa, kuma an gwada shi a Pakistan da Kenya ya yi amfani. Sharaɗin shi ne horo da sa ido. Taɓa jiki kuwa ba dole ba ne, yawancin wannan aiki ana yinsa ba a taɓa kowa ba. In za a dafa ki, sai an nemi izininki a kowane karo, an faɗa miki wurin da dalilin, kuma mace ce za ta yi. Duk wanda ya ce sai kin cire sutura, ko sai kun keɓe, ko ya ce kada ki gaya wa mijinki, ki tashi ki bar wurin. Haka wanda ya yi miki alkawarin warkewa a zama uku in kin biya kuɗi masu yawa. Tausa irin ta gida tana sassauta wuya da baya, ki yi abinki, amma ita daban ce.

Maigida kuma kada ki yi jayayya da shi. Ki roƙe shi ya raka ki ya gana da ma'aikaciyar, ya yi tambayoyinsa da kansa. Maza da yawa da suka ce wasa ne, su ma ba sa barci, ba dai sa faɗa. In damuwarsa ta addini ce, ki tambaya tun farko ko akwai wani abu na bauta ko ambaton da ba ki sani ba a cikin atisayen. A irin zaman da ma'aikatan lafiya ke yi babu, numfashi ne da miƙa gaɓoɓi. Kuma sauya halin zuciya ta hanyar sauya yanayin jiki ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi: ya zo a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ruwan sanyi a fuska ma yana rage gudun zuciya, likitoci sun san wannan. Ki ci gaba da addu'o'inki da azkar ɗinki, babu karo tsakaninsu da neman magani. Abin da ba na yarda da shi shi ne ruƙiyyar da ake duka, ko shaƙe wuya, ko turnuƙe mutum da hayaƙi. Jikin da ya riga ya firgita, wannan ƙara masa ake yi.

Kafin zaman farko, ki sa ɗiyarki ko ke da kanki ki rubuta abu uku a takarda: dare nawa a mako kike farkawa a firgice, awa nawa kike barci, da wani abu ɗaya da kika daina yi saboda tsoro, misali fita tsakar gida bayan magariba. Ki riƙa yin atisayen kullum a lokacin da hankalinki ke kwance, minti biyar zuwa goma bayan asuba ya isa, domin wanda bai saba da shi cikin natsuwa ba ba zai tuna shi cikin firgici ba. Bayan zama shida zuwa takwas ki ɗauko takardar. Ɗan tashin hankali na kwana ɗaya bayan zama ba abin tsoro ba ne. Amma in mako biyu sun wuce kina ƙara lalacewa, ko wata biyu sun cika babu abin da ya motsa a cikin ukun nan, ki nemi a tura ki wurin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Ki fara tambaya a babban asibitin yanki da ke nan Marwa.

Saura ƙwayoyi. Kada ki sayi diyazafam a hannun masu tallar magani a kasuwa don ki samu barci. Jagorar 2013 da na ambata ta yi gargaɗi kan ba da irinsa ga wanda bala'i ya firgita, yana kama jiki, kuma barinsa bayan an saba ya fi shansa wahala. In bayan faɗuwar gaban akwai baƙin cikin da ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, abinci ya fita ranki, ɗinkin ma ba kya sha'awarsa, ki faɗa wa likita wannan a fili. Akwai magunguna irin su amitiriftilin da fuluwoksetin da ake bayarwa a asibiti, sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kuma ana iya haɗa su da zaman da kike zuwa.